'Yar Gida a Layin Jira

Gidan Tita Nening da ke bayan garin Stockton gida ne na tsofaffi shida da ma'aikaciya guda. Amma in ka buɗe takardun da hukuma ta sani, ma'aikata uku za ka gani: ita Tita Nening mai gidan, da mijinta Tito Ramil, da 'yarsu Charito. Sunan wadda ke aikin kuwa ba ya ciki. Jovelyn ake ce mata, 'yar ƙanin Tita Nening ce (Tita goggo ke nan a yaren ƙasarsu, Tito kuma kawu), kuma shekararta shida ke nan tana kwana a gareji, inda aka gitta katako aka raba tsakanin gadonta da injin wanki.

Ƙarfe biyar take tashi. Ta wanke mutum shida, ta canza musu kunzugu, ta shafa musu mai a baya da ɗuwawu don kada kwanciya ta ci su, ta dama na masu sha, ta niƙa na marasa haƙori. Duk abin da ta yi sai ta rubuta a wani babban koren littafi da ke kan firji, domin jami'an hukuma suna iya faɗowa ko yaushe su ce a kawo shi. Ƙarfe kaza an ba wane magani, ƙarfe kaza an juya wance. A gefen kowane layi akwai gurbin sa hannu, amma wannan gurbin ba nata ba ne. Da yamma, in Charito ta dawo daga shagon da take yi wa mata gyaran gira da farce, sai ta ɗauki biro ta bi layi-layi tana sa hannu, waya maƙale a kafaɗarta.

"Ke 'yar gida ce," haka Tita Nening take cewa. "Bare ake rubutawa a takarda." Ba wanda ya taɓa tambayarta ita Charito daga wane gida aka aro ta.

Abin da ya riƙe Jovelyn a tsaye duk shekarun nan shi ne kwalejin gari, inda ake karatun nas na shekara biyu. Kafin su kalli takardarka sai ka ci darussan share fage guda uku, na sassan jikin ɗan'adam, da na yadda suke aiki, da na ƙwayoyin cuta. Ta yi su ɗaya bayan ɗaya, Talata da Alhamis da yamma, ta je a bas ta dawo a bas. Kujera arba'in ce kacal, masu nema sun kai ɗari shida, kuma da maki ake tacewa. Sau biyu tana nema tana faɗuwa. Su kuma darussan wa'adi gare su kamar maganin kwalba, da sun shekara biyar sun tashi aiki. Na farkonta a Disambar bana zai mutu. Ke nan in bana ta wuce ta, sai dai ta koma farko, tana da shekara ashirin da tara.

A watan Fabrairu ta sami Tita Nening a kicin tana naɗe lumpiya, wani abin suya mai kama da samosa, da za a kai coci, ta ajiye mata wata takarda a gefen faranti.

"Tita, duk wanda ya yi aikin jinya na awa dubu ana ƙara masa maki goma. Sa hannunki kawai ake so."

Tita Nening ba ta ɗago ba. "Karanto mini, tabarauna na ɗaki."

"Sunan ma'aikaci. Ranar fara aiki. Shaidar albashi."

"Shaidar albashi! Ramil, kana ji? So take a rufe mana gida."

"Ba haka ba ne, Tita."

"Haka ne mana. In sa hannu yau, gobe su bugo waya su ce ina takardar albashinta ta shekara shida. In ce musu me? Su zo su liƙa wa ƙofa takarda, su kwashi tsofaffin nan su watsa su gidajen da ake ɗaure mutum a gado. Tsohon nan Lolo Pilo da ba ya cin abinci sai daga hannunki, ina za a kai shi? Kin yi tunaninsa kuwa, ko kanki kawai kika sani?"

Daga falo Tito Ramil ya ɗaga murya, idonsa na kan 'yan ƙwallon kwando. "Kanki na ja, Jovy. Me za ki yi da maki goma? Masu ƙwaƙwalwar kifi ake yi wa ciko."

Tita Nening ta dangwali ruwa ta liƙe bakin lumpiya, murya ta yi laushi. "'Yata, da ubanki ya kawo ki ƙasar nan ya mutu ya bar ki, wa ya buɗe miki ƙofa? Na tambaye ki takarda? To ni ma kada ki tambaye ni. Ɗauke ta daga nan, mai zai ɓata ta."

Jovelyn ta ɗauke. Ƙararrawar ɗaki na biyu tana ta kuka, ta ninke takardar ta cusa a aljihu ta tafi.

Saura kwana biyu a rufe karɓar takardu, Charito ta leƙo gareji da kwamfuta a hannu. Yarinya ce mai fara'a, shekararta ashirin da uku, ba ta da mugunta ko kaɗan, abin da ba ta da shi kawai shi ne tunani. Ita ma ta yi darussan share fagen, da ƙyar da jiɓin goshi, kuma rabin goshin na Jovelyn ne, don ita ta yi ta zana mata ƙashi da jijiya a bayan kwalin madara.

"Ate Jovy, yayata, don Allah taya ni ɗora wannan a shafin kwalejin. Ya ƙi hawa, sai cewa yake ya yi nauyi."

Jovelyn ta karɓa ta duba. Irin takardar nan ce dai da ke aljihunta. Sunan ma'aikaci, Charito. Awoyin aiki, dubu huɗu da ɗari biyu. A ƙasa ga sa hannun Tita Nening, ga hatimin gida, ga shaidar albashi shafi uku.

"Ke ma nema kike?"

"Mama ce ta matsa. Ni fa jini ma ba na son gani, kin sani." Ta yi dariya, sannan ta ɗan tsuke fuska. "Ba komai ai, ko? Ke da kika fi kowa ci. In aka ɗauke mu tare sai mu riƙa tafiya a mota ɗaya."

Jovelyn ta jira ta ji ko wani abu zai taso mata a ƙirji. Shiru. Ta rage wa hoton nauyi, ta ɗora, ta danna, ta miƙa mata kwamfutar.

"Ya hau," ta ce.

Daga nan sai jira. An ce sakamako sai watan Mayu, amma tun Maris da ta farka hannunta ke kai wa waya, kafin ma ta yi addu'a. Tana dubawa a banɗaki, tana dubawa a bakin injin wanki, tana dubawa in ta ɗora tukunya. Tallan inshora, saƙon coci, tallan takalma. A Afrilu ta daina jin faɗuwar gaba in wayar ta yi ƙara, amma hannun bai daina zuwa ba.

Mutum ɗaya ce a gidan ta lura, Misis Odell ta ɗaki na biyu, tsohuwar mai dafa wa 'yan makaranta abinci, wadda shanyewar ɓarin jiki ta kayar amma ta bar mata baki ras. Kowace safiya Jovelyn ke riƙe mata hannun hagu ta yi wa kanta allurar suga.

"Sun yi magana?"

"Tukuna, Misis Odell."

"Malalata. Da ni ce da makarantar, ranar da kika shigo zan ba ki farar rigar. Asibiti uku na kwanta, 'yar nan, na ga nas-nas iri-iri. Wasu in sun juya ka ka ce buhun dankali suke saukewa. Ke kuwa sai kin ɗumama hannunki tukuna. Wa ya koya miki?"

"Ba kowa."

"To ga shi nan. A hankali, wannan cinyar tawa ce, ba ta gwamnati ba."

Ranar goma sha tara ga Mayu, wajen ƙarfe goma na safe, tana durƙushe tana yanke wa Lolo Pilo farce, wayar ta yi ƙara. Lolo Pilo tsoho ne ɗan ƙasarsu, shekara arba'in ya yi yana lebura a gonakin tumatir, yanzu hankali ya gushe, kullum gani yake motar gona na jiransa a bakin titi. Saboda shi aka sa wa ƙofar gida ƙararrawa. Ta gama yanke farcen duka goma, ta tattare, sannan ta duba.

Ba a ɗauke ta ba, ba a kuma kore ta ba. An sa ta a layin jira, lamba huɗu. Maki uku ne tsakaninta da ta arba'in. A ƙasa an rubuta cewa ranar goma sha biyu ga Yuli, ƙarfe takwas na safe, za a yi taron sababbin ɗalibai, kuma da waɗanda aka ɗauka da 'yan layin jira dole kowa ya zo da ƙafarsa. Ƙarfe takwas za a rufe ƙofa. Duk wanda aka ɗauka bai zo ba, a nan take za a ba na layin jira kujerarsa, bi da bi, amma sai wanda ke zaune a ɗakin.

Ba ta gama karantawa ba ta ji ihu daga sama, da dirin ƙafa a matakala. "Mama! Mama, sun ɗauke ni!"

Asabar aka yi biki. Aka kawo gasasshen alade sukutum, aka kafa na'urar waƙa a bayan gida, matan coci suka cika farfajiya, kowacce na jan kumatun Charito tana cewa gida ya samu nas. Jovelyn ce ta soya taliya tukunya uku, tana yi tana leƙa tsofaffi, waɗanda aka kulle a ɓangarensu don kada su dami baƙi. Wata mata ta tare ta da faranti a hannu.

"Jovy, ke fa? Ba ke ce muka sani da zuwa makarantar nan ba?"

Kafin ta buɗe baki Tita Nening ta rungumo kafaɗarta. "Tana layi, lamba huɗu! Rabon kwaɗo ai ba ya hawa sama. Wannan da kike gani hannun damana ce, ban san yadda zan yi ba in ba ita."

Wannan karon dai gaskiya ta faɗa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, sai dai a gidan nan har tafi ake sa kurar ta yi wa gardin.

Washegari da yamma ta kira mahaifiyarta a Iloilo, can ƙasarsu. Ta gaya mata komai, har maganar awa dubu huɗu, da murya irin ta mai karanta jerin cefane. Can sai ga carar zakara a wayar, da ƙarar babur, sannan uwar ta nisa.

"Ki yi haƙuri, Jovy. Dangin babanki ne. Kwalin da Nening ta aiko mana a Kirsimeti har yau muna cin kifin gwangwanin. Kada a ce na haifi butulu."

"To, Nanay."

"Mai haƙuri shi ke dafa dutse. Kina cin abinci kuwa?"

"Ina ci."

Tun kafin Mayu ya fita ta sami Tita Nening da maganar ranar taro. Ba ta roƙi komai ba sai safiya ɗaya, wani ya zauna da tsofaffin daga ƙarfe bakwai zuwa sha biyu, don doka ta hana a bar su su kaɗai ko na minti ɗaya.

"Haba, wannan har sai kin roƙa? Tito Ramil ɗinki zai zauna." Ta ɗauki jan biro ta zagaye ranar a kalandar kicin. "Kin gani? Kin cika damuwa, shi ya sa kike ramewa."

Yuni ya shigo da zafi, aiki kuma ya ƙaru. Tita Nening ta shiga hidimar Charito, yau sayen farin takalmi, gobe allurar rigakafi, jibi hoto, har ɗan cefanen da take yi ya dawo kan Jovelyn. Fararen rigunan nas na Charito suka zo da tsawo, aka kawo mata gareji ta rage. Ta rage, ta goge, ta rataye. Wata rana tana tace taliya ruwan zafi ya kwarare mata a bayan hannu, ta tsaya tana kallon fatar tana tashi, sai da Misis Odell ta daka mata tsawa daga kekenta sannan ta kai hannun famfo. Ba ta kuka, ba ta fushi. Abinci ma daina jin gishirinsa ta yi. Kwanaki kawai take ƙirgawa, ta duba jan zagayen nan ta wuce.

Ranar goma sha biyu ta tashi ƙarfe huɗu. Kafin shida ta wanke kowa, ta ciyar, ta jera magungunan rana a ƙananan kofuna da sunan kowa, ta rubuta wa Tito Ramil abin da zai yi da manyan baƙaƙe ta liƙa a firji. Ta sa shuɗiyar rigarta ta zuwa coci, ta rungumi jakar takardunta, ta fito.

Ta tarar da su ukun a bakin mota. Charito ta sha kwalliya, Tita Nening ta sa ɗankunnen gwal, Tito Ramil kuwa makulli ne a hannunsa.

"Tito, ba kai za ka zauna ba?"

"Zan zauna mana. Kai su kawai zan yi in juyo, kin san Titanki ba ta tuƙi a babban titi, Charito kuma ɗoki ya ɗauke mata hankali yau. Minti goma sha biyar zuwa, goma sha biyar dawowa. Bakwai saura ina nan, ki karɓi motar ki tafi abinki."

"Ko ni in tuƙa mu, kai ka zauna?"

"In bar shi da matan nan yanzu, lokacin da suke neman banɗaki?" in ji Tita Nening. "Kin san ba ya iya kunzugun mata. Ki gama da su, kafin nan ya dawo. Muna so mu sami kujerar gaba ne. Shiga, Charito, rana na yi."

"Sai kin zo, Ate! Zan kama miki wuri."

Motar ta fita ƙarfe shida da kwata. Jovelyn ta koma ciki ta zauna a kujerar bakin ƙofa, jaka a cinya.

Bakwai saura ta yi. Bakwai ta yi. Ta kira Tito Ramil, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta kira Tita Nening, a kashe. Ta kira wasu matan coci biyu, ɗaya tana wurin aiki, ɗaya ta ce ba za ta shiga gidan Nening ba sai Nening ta ce, kada a ga kamar shisshigi. Bas ɗin ƙarshe da zai kai ta kafin takwas yana tsayawa a ƙarshen layinsu ƙarfe bakwai da kwata.

Misis Odell ta turo kekenta da hannu ɗaya har falo.

"Tashi ki tafi."

"Ba kowa, Misis Odell."

"Ni ba kowa ba ce? Zan tokare ƙofar nan da kekena, duk wanda ya motsa in zage shi tas. Tafi, na ce."

"In jami'ai suka zo suka tarar an bar ku ku kaɗai fa?"

"Su kama Nening, ita ce a takarda. Ke ai ba kya nan. Shekarata huɗu a gidan nan, ban taɓa ganinki a takarda ba. Wanda ba ya nan ta yaya zai gudu daga aiki? Wuce, kada ki sa suga na ya hau."

Jovelyn ta tashi. Ta buɗe ƙofa, ƙararrawar ta yi kukanta, ta rufe. Ƙafafunta suka ɗauke ta har ƙarshen layi, inda ya haɗu da babban titi. Kakar tumatir ta kama, manyan motoci masu jela biyu suna ta wucewa a guje, shaƙe da jajayen kaya, wasu na zubowa suna fashewa a kwalta. Ta tsaya a tasha. Can ta hango bas ɗin yana tafe.

Sai ta ji ƙararrawa daga baya, nesa-nesa, da muryar Misis Odell tana ƙwala zagi.

Ta juya. Lolo Pilo ne, da silifa da hular gona, ya ture keken ya fito, yana sauri irin na mutumin da ya makara. Ba tashar ya nufa ba. Titin ya nufa kai tsaye, yana ɗaga wa manyan motocin hannu.

Bas ya tsaya, ƙofa ta buɗe, sanyin ciki ya bugi fuskarta. Direban ya dube ta. "Shiga za ki yi, ko kuwa?"

Ba ta amsa ba. Ta saki jakar a kan benci ta ruga, ta cafke tsohon ƙafarsa ɗaya ta riga ta sauka kwalta. Wata babbar mota ta danna oda ta wuce, iskarta ta fige masa hula.

"Sake ni, Inday, yarinyar nan! Motar gona za ta tafi. Mai gona ba ya jiran kowa."

"Yau ba aiki, Lolo. Mai gona ya ce a huta."

"Ya ce?"

"Ya ce. Zo mu sha shayi."

Da ta waiga bas ya yi nisa. Ta ɗauko jakar, ta ɗauko hular, suka koma a hankali, tafiyar tsoho, ya riƙe hannunta da ya ƙone gam. Tsoro ya sa ya ɓata wandonsa. Ta tarar da Misis Odell a karkace cikin keken, hawaye na bin ɓarin fuskarta mai motsi. Ta gyara mata zama, ta kai Lolo Pilo banɗaki, ta naɗe hannun shuɗiyar rigarta. Ta tuna da tasi, amma ai ba mota ce matsalar ba.

Takwas saura biyar ta kira ofishin kwalejin. Wata mata ta saurare ta har ƙarshe, sannan ta ce, "Ki yi haƙuri, na ji miki. Amma sai mutum ya zo da ƙafarsa. Akwai mutum ashirin a nan da suka zo tun bakwai suna jiran kujerar." Jovelyn ta yi mata godiya. Ta ɗauko koren littafi ta rubuta abin da ya faru, ta ba na ɗaki na uku maganinsa.

Ƙarfe ɗaya suka dawo, da ledar ragowar abinci daga gidan cin abincin Sinawa. Tito Ramil ya fara magana tun daga bakin ƙofa.

"Kai, Jovy, ba ki ga cunkoso ba! Na sauke su na ce in juyo, aka tare hanya. Wayar kuma ashe na sa ta a shiru tun coci."

"Ni na ce ya tsaya," in ji Tita Nening, tana cire ɗankunne. "In aka ce iyaye su kawo wata takarda fa? Kuma tsakani da Allah, lamba huɗu, wa zai bar kujerar nas? Ban so ki je ki zauna ki dawo da ɓacin rai ba. Ga naki nan, da jatan lande, na ce su ƙara miki."

Charito ta shigo daga baya da sabuwar jaka mai tambarin kwaleji. Fuskarta ba walwala. Ta dubi uwarta, ta dubi Jovelyn, bakinta ya riga tunaninta kamar kullum.

"Ate, sau uku suka kira sunanki. Mutum biyar ne ba su zo ba. Har lamba shida ta samu. Na ɗaga hannu na ce kina hanya, matar ta ce ba a jira."

Tito Ramil ya tuna ya bar wani abu a mota.

Tita Nening ce ta fara farfaɗowa. "To, Allah bai yi ba. Abin da ba rabonka ba ko yana bakinka sai ya faɗi." Idonta ya kai kan littafin da ke buɗe a tebur, ta karanta, ta dafe ƙirji. "Kin gani ko? Da kin tafi da yanzu gawar Lolo muke ɗauka a titi. Allah ne ya tsayar da ke. Baɗi sai ki sake nema."

"Darasina na farko zai mutu a Disamba, Tita."

"Sai ki sake shi mana. Talata da Alhamis, na taɓa hana ki? Ga Charito ma za ta buƙaci mai taya ta bita, kin ga kin jefi tsuntsu biyu."

Jovelyn ta ce to. Ta ɗauki ledar ta sa a firji.

Ba dukanta aka yi ba, ba zaginta aka yi ba. Ba wanda ya yaga mata takarda ko ya kulle mata ƙofa. In ka tambayi kowa a cocinsu zai ce maka Nening mutuniyar kirki ce, ta riƙe marainiya kamar 'yar cikinta. Abin da suka yi kawai shi ne sun san ba za ta iya barin tsoho ya faɗa titi ba, sun san haka tun shekara shida, sai suka jingina gidansu da 'yarsu a kan wannan sanin suka shiga mota. Da muguwa ce da tana cikin bas. Halin da ya sa ta cancanci farar rigar, da shi aka ɗaure ta a gareji, kuma wannan ya fi duka ciwo, don duka ko ba komai yana barin shaida.

Da yamma, bayan ta ba kowa abinci ta juya masu juyi, ta zauna a kicin ta cike sauran layukan ranar. Charito ta shigo sanye da farar rigar da aka rage mata, ta gwada ne don a yi hoto. Ta tsaya jim a bakin tebur tana murza yatsu.

"Ate, ki yi haƙuri fa."

"Ba komai."

"Mama ta ce in sa hannu kafin in manta."

Jovelyn ta juya mata littafin, ta miƙa mata biro. Charito ta bi layukan safe tana sa hannu, wanka, karin kumallo, allurar suga. Da ta zo tsakiyar shafi sai ta dakata. Layin ya fi sauran tsawo: Lolo Pilo ya fita titi, an tare shi, an wanke shi, an kwantar masa da hankali, ba rauni. Rubutun ya cinye gurbin har ya gangara ƙasa.

"Wannan a ina zan sa?"

Jovelyn ta ɗora yatsanta mai tabon ƙuna a gefen shafin.

"Nan," ta ce. "Gefen ƙarfe takwas."